Yadda za ka haɗa hujja da dashkam ko wayarka ka kai ƙarar mai tuƙin ganganci a Gombe

Kusan kullum sai ka ga wani ya ɗora bidiyo a Facebook, ga wata homa ta taso daga Bauchi ta cika maƙil tana aron hannu a kan kwana, ko tifar yashi ta shigo wan-we a tsakiyar gari tana danna hon kowa ya yi ta kansa, mutane su taru a ƙasa wannan ya ce Allah ya shirya, wancan ya ce wai ina hukuma ne, wani ya ɗura wa direban ashar, bayan kwana biyu an manta an koma wata maganar. In ka tsaya ka kalli bidiyon da kyau za ka ga babu lambar mota, babu ranar da abin ya faru, ba a san ma ko hanyar Kumo ce ko ta Dukku ba, hoton sai rawa yake. Ko jami'in da ya fi kowa son aikinsa ka miƙa wa wannan, wallahi babu abin da zai iya yi da shi. Abu huɗu ake nema a wajenka, lamba, lokaci, wuri, da asalin bidiyon da ba a taɓa shi ba, sai na biyar wanda shi ne mutane suke gudu, wato mutumin da zai tsaya ya ce ni na ɗauka kuma ga sunana.

Bari mu fara da na'urar. Dashkam ƙaramar kyamara ce da ake liƙawa a gilashin gaba, ana jona ta a soket ɗin nan na kunna sigari da muke cajin waya da shi, da ka tayar da mota ta fara ɗauka da kanta, da ka kashe ta tsaya. Tana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, minti ɗaya ko uku ko biyar yadda ka saita, in memori ya cika sai ta koma kan mafi tsufa ta goge ta ɗora sabo, haka take ta zagayawa. Wannan zagayen ka riƙe shi a ranka don nan ne yawancin mutane suke asarar hujjarsu.

In za ka saya, abu na farko da zan ce ka tambaya kafin ma maganar kyan hoto shi ne me ke cikinta, batir ne ko kafasita, wato ɗan abin riƙe wuta da ake sawa a madadin batir. Zafin Gombe a watan Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 a waje, to ka lissafa motar da aka rufe aka bari a rana a bakin babbar kasuwa tun sha ɗaya har la'asar, abin da ke kan dashbod ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Mai batirin lithium ba ta jure wannan, batirin kumbura yake kamar fanke, daga nan ta fara kashe kanta ko ta riƙa mantar da kwanan wata. Mai kafasita ta fi tsada kaɗan amma ita aka yi wa irin yanayinmu. Na biyu ƙarfin hoto, kada ka sauka ƙasa da 1080p, in aljihu ya yarda ka ɗauki 1440p don bambancin yana fitowa ne daidai wajen karanta lamba. Waɗannan masu arha da ake rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalinsu kuma kuɗinsu bai kai na buhun siminti biyu ba, ka sa mai shagon ya kunna maka ita ku fito waje ka ɗauki motar da ke tsaye a tsallaken titi, in ba ka iya karanta lambarta ba ka ajiye masa kayarsa. Na uku ta zama mai GPS, don ita ce za ta buga wurin da kake da gudun da kake yi a ƙasan hoton. Sunaye irin su 70mai da Viofo da Garmin sanannu ne a wannan harkar, amma ni ban damu da suna ba kamar yadda na damu da waɗannan ukun. Mai kyamara biyu gaba da baya ta fi, saboda mai aron hannu daga baya yake tasowa, kuma wanda zai daki bayanka a go-sulo ya ce kai ka yi ribas ba ta gaba zai zo ba.

Memori kuma shi ne inda ake cutar mutane. Kasuwa cike take da na jabu, a rubuce 128 giga amma cikinsa bai kai 8 ba, kyamara za ta nuna maka jar fitila tana ɗauka alhali in ka zo buɗewa fayil ɗin ba ya buɗuwa. Ka nemi wanda aka yi shi don ɗauka ba tsayawa, za ka ga an rubuta High Endurance a jikinsa, daga shagon da za ka iya komawa ka yi musu magana. A 1080p awa ɗaya tana cin wajen giga 6, wato mai 32 zai riƙe maka awa biyar ko kusa da haka, in kyamara biyu ce ka raba biyu. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, ka je ka yi hidimarka ka dawo, to abin da ya faru da safe a wajen Bara kafin ka iso Tumfure da yamma wataƙila an riga an taka shi da sabo. Shi ya sa nake cewa 64 ko 128. Kuma duk wata ka zare shi ka kalli bidiyo ɗaya biyu a waya ko kwamfuta ka ga yana aiki, sannan ka yi masa fomat, wato ka goge komai, a cikin kyamarar kanta.

Wajen liƙawa, bayan madubin tsakiya ta ɓangaren fasinja, inda waifa take sharewa kuma ba ta tare maka gani. Ka saita ta yadda titi zai fi sararin sama yawa a hoton, in sama ta yi yawa hasken rana zai sa titin ya yi duhu. Wayar wutarta ka bi da ita ta gefen rufi ta sauko ta jikin ƙofa, kada ka bar ta tana reto a gaban giya. In kana so ta riƙa ɗauka ko mota na kashe sai mai wayarin ya jona ta da akwatin fuis da irin wayar da take yanke wuta in batir ya yi ƙasa, in ba haka ba wata safiya za ka fito ka tarar sai an tura ka. Sai agogo, ka saita shi a lokacin Najeriya, a cikin saitin za ka ga GMT+1, shi ne namu. Bidiyon da yake nuna 1 ga Janairun wata shekara can da ta wuce alhali jiya abin ya faru, lauyan da ya fara aiki bana ma zai yi watsi da shi. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge gilashin ciki da waje, ƙurar nan da idonka ya saba da ita kyamara ba ta saba ba.

Wanda ba shi da kuɗin dashkam, tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa za ta yi. Akwai manhajoji a Play Store irin su AutoBoy da Droid Dashcam da suke mayar da waya dashkam, da kwanan wata da gudu da komai. Ka sayi mariƙin waya mai ƙarfi, ka jona caja. Matsalarta ɗaya zafi, waya a gilashi cikin rana tana ɗaukar bidiyo tana caji ba ta daɗewa take ɗaukar zafi ta kashe kanta, don haka ta fi dacewa da tafiyar safe ko motar da esi ɗinta ke aiki. Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne ka riƙe waya a hannu kana tuƙi kana ɗaukar wani, wannan kai ma ka zama abin da kake ƙara, kuma a jadawalin tarar da hukumar FRSC, wato 'yan rod sefti, ta daɗe tana aiki da shi amfani da waya a kan sitiyari naira 4,000 ne.

To yanzu abu ya faru a gabanka. Wata Sharon ta fito daga bayanka a kan hawa ba ta ganin gaba, tirela ta ɓullo, ta matse ka ka sauka gefen titi ƙura ta tashi, ita kuma ta wuce abinta. Farko ka riƙe motarka, wannan ya fi komai. Da ka daidaita sai ka danna maɓallin kulle bidiyo, kowace dashkam tana da shi, yawanci ja ne ko mai alamar kwaɗo, shi zai hana ta goge wannan gunduwar. Tana da abin da yake jin girgiza ya kulle da kansa in an yi karo, amma in ba a taɓa ka ba ba zai kulle ba, sai ka danna da hannunka. Sannan ka yi magana da ƙarfi, eh kai kaɗai a mota ka yi magana, ka karanto lambar yadda ka gan ta, ka faɗi kalar motar da irinta da inda kuke, misali mun wuce Alkaleri kaɗan muna fuskantar Dindima. Dalili kuwa, gilashin kyamarar nan mai faɗi ne, yana kwaso gefe da gefe amma yana ƙanƙantar da abin da ke nesa, motar da ta ba ka tazarar mota uku huɗu lambarta ta fara zama dishi-dishi, da dare kuma fitilarka tana dukan lambar ta koma fari fat babu harafi ko ɗaya. Idonka ya fi ta a wannan, ita kuma tana ɗaukar murya, to ka ba ta abin da ka gani.

Kada ka bi direban. Na san zuciya tana tafasa, amma in ka taka totur don ka kamo lamba, kyamararka tana rubuta gudunka a ƙasan hoton, ka je caji ofis da hujjar da ta nuna kana 130 a hanyar da ƙa'idarta 80. Don a dokar hanya ta Najeriya ƙaramar mota ta gida 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu, tasi da bas 50 da 80 da 90, tanka da tirela kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a mai hannu biyu. Ka ga kenan yawancin abin da muke kira tafiya normal a hanyar Yola ya riga ya haura. Wannan ma wani amfanin na'urar ne da ba a faɗa, tunda ka san tana rubuta naka sai ka ga ƙafarka ta yi sanyi.

Game da lamba, ko ba ka kama ta duka ba abin da ka kama yana da amfani. Haruffa ukun farko na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne, GME Gombe, BAU Bauchi, sannan kalar rubutun tana magana, shuɗi motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Ka haɗa da abin da ya bambanta ta da sauran, fitilar baya ɗaya a fashe, but a ɗaure da igiya buhuna sun leƙo, sitikar wani ɗan siyasa a gilashi, rubutun da aka yi a bayan babbar mota. Tirela kan ta daban bodinta daban, lambar da ke baya ba lallai ta zama ita ce ta kan ba, in ka samu hali ka kama ta gaba ko sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, tankoki da yawa ma suna da lambar waya a baya da aka rubuta don a kira in direba ya yi ba daidai ba. Keke Napep kuma lambar jiki ta ƙungiya ta fi saurin kai ka ga mai shi fiye da lambar gwamnati.

Wani abu kuma, kada ka ce yana gudun 150 tunda ba ka auna ba. GPS ɗinka naka gudun yake nunawa. Abin da za ka iya faɗa shi ne ina kan 80 ya wuce ni cikin ƙiftawar ido ya ɓace, bidiyon kuma ya nuna haka. Duk ƙarin gishirin da ka yi, in aka kama shi a wuri ɗaya sauran maganarka ta zube.

Da ka samu wuri mai kyau ka faka, ka buɗe Google Maps ka danna kan wurin ka riƙe har alama ta fito, ka yi sikirinshot. Ka kwafe bidiyon zuwa waya, yawancinsu suna da wayfai da manhajarsu, ka kwafi gunduwar da abin ya faru da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, don tambayar farko da za a yi maka ita ce kai me ka yi kafin nan. In abin babba ne, an ji rauni ko an yi asarar rai, ka zare memorin gaba ɗaya ka nannaɗe a takarda ka rubuta kwanan wata ka adana, ka sa wani. Kada ka yanke, kada ka sa kiɗa ko rubutu ko jan da'ira a kan asalin, in kana son ka nuna wa jami'i wurin da kyau ka yi haka a kwafi. In za ka tura ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen, don in ka tura ta hanyar da aka saba matse shi yake, lambar da kake gani tar a wayarka ta isa can ta zama tabo.

Sai maganar ina za a kai, kuma a nan ne ake ruɗewa don ƙofofin da yawa. In abin yana kan faruwa ne, hatsari ya auku ko ga tanka can tana tangaɗi a hanya za ta kashe mutane, kira za ka yi ba rubutu ba, 122 ta 'yan rod sefti ce kyauta, 112 kuma lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, ita ma kyauta. Ka faɗi hanya, ka faɗi gari mafi kusa, ka faɗi inda motar ta nufa, wannan na ƙarshen shi ne mai muhimmanci don motar da ta bar Kumo ta nufi Billiri ana iya tare ta a gaba. In akwai waɗanda suka ji rauni kuwa ka ajiye maganar hujja ka kama mutane, dashkam tana aikinta ba sai ka tsaya a kanta ba.

Hukumar FRSC, wadda aka kafa tun 1988, ta fito da manhajarta ta waya a 2024 ƙarƙashin shugabanta Shehu Mohammed, ana samunta da sunan FRSC Mobile App. Ana kai rahoton hatsari da abin da aka gani a hanya ta ciki, ana tantance lambar mota da lasin, tana kuma gargaɗinka in ka wuce ƙa'idar gudu. 'Yan sanda su ma suna da tasu mai suna NPF Rescue Me ta neman ɗauki. Shawarata ka sauke su yau kana zaune a gida da netwok mai kyau, ka yi rajista ka ba su izinin lokeshan ka leƙa ko'ina ka ga yadda suke, ba sai kana gefen titi a dajin da sabis yake sanda ɗaya hannunka na rawa za ka fara neman fasuwod ba. Ka duba sunan wanda ya wallafa manhajar kafin ka sauke don akwai na bogi masu kama da su. Tantance lambar nan kuma kada ka raina ta, in ka sa lamba ta nuna maka wata irin mota daban da wadda ka gani, to wannan ma abin faɗa wa jami'i ne.

Amma maganar gaskiya, ni a ganina manhaja ta buɗe magana ce kawai, takarda ce take sa a motsa. In da gaske kake, ka rubuta ƙorafi shafi ɗaya zuwa ga kwamandan FRSC na jiha ko na ofishin da ke kusa da wurin, ko zuwa ga DPO na yankin da abin ya faru, a caji ofis ka ce sashen MTD kake nema, su ne masu harkar mota da hatsari. Yankin da abin ya faru fa, ba inda kake zaune ba, abin da ya faru a Alkaleri na jihar Bauchi ne ko da a Pantami gidanka yake. Abin da za ka rubuta bai wuce haka ba: ranar kaza da ƙarfe kaza, a hanyar Gombe zuwa Bauchi daidai wuri kaza, mota iri kaza kala kaza mai lamba kaza ta yi aron hannu a kan hawa har ta tilasta min sauka daga titi, ina da bidiyon da kyamarar motata ta ɗauka kuma a shirye nake in ba da shaida, sai sunanka da lambar wayarka da sa hannu. Babu zagi, babu tarihin yadda direbobin haya suka lalace. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi, bidiyon ka ba da shi a filash, memorin asali yana wajenka har sai an buƙace shi a rubuce. Ka tambayi sunan jami'in da aka ba aikin cikin ladabi, ranka ya daɗe wa zan nema in na dawo, ka kuma koma bayan kwana biyu uku. Takardar da mai ita bai sake waiwayarta ba, ƙasa take komawa.

Laifin tuƙin ganganci a dokar FRSC ta 2007 tarar naira 50,000 ne ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko duka biyun, in kuma ya yi sanadin mutuwa ɗaurin yana iya kaiwa shekara 7. In ta kai ga kotu to akwai sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya ce duk abin da ya fito daga na'ura irin kwamfuta sai an nuna yadda aka samar da shi, a aikace takarda ce za ka sa wa hannu da ke bayanin wace na'ura ce, kana amfani da ita yau da kullum, lafiyarta ƙalau a ranar, ga yadda aka kwafo bidiyon. Ba wasa ba ne, a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗin ba. Mai gabatar da ƙara ko lauya zai tsara maka ita, naka dai ka san sunan kyamararka da lambar jikinta, ka ajiye rasit in kana da shi.

In wani ya ce sai ka ba da na mai ko na takarda kafin a karɓi ƙorafinka, kada ka yi hayaniya, ka riƙe suna da lokaci, rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafi a kan jami'anta mai suna CRU tun 2015, kakakin rundunar jiha ma ana samunsa. A shingen sojoji kuwa kada ka ɗaga waya kana ɗauka, in an tambaye ka mene ne wannan a gilashi ka faɗa kai tsaye, kyamarar hanya ce saboda hatsari.

Yawancinmu dai ba masu mota ba ne, fasinjoji ne, kuma fasinja ya fi mai dashkam samun dama don hannunsa biyu a sake suke. Tun a tasha kafin ka shiga ka ɗauki hoton lambar motar ka tura wa wani a gida, ka rubuta sunanka na gaskiya a takardar fasinjoji. In direba ya fara wuta, ka fara da magana mai daɗi, direba don Allah a sassauta mana akwai yara a motar. Ka shirya jin amsa, ba ma daga shi ba, daga fasinjan da ke gefenka, Malam in tsoro kake ji ka sauka mana, wani ya ce in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Hajiyar da ke baya wadda tun ɗazu take salati a hankali ita ce za ta goya maka baya in ka fara, sau da yawa kowa jira yake wani ya buɗe baki. In bai ji ba, ka ɗauki allon gudun motar in kana hango shi, in ya mutu kamar yadda yake a motocin haya da yawa ka kunna Google Maps a kan tafiya, yana nuna gudun da ake yi, ka yi rikodin ɗin fuskar wayar. Ka yi shi shiru ba tare da ka cusa masa waya a fuska ba, rigima da mutumin da ke riƙe da sitiyari a guje ba dabara ba ce. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, don haka bas ɗin da ke tafiya 130 ko dai babu ita ko an cire, ka sa wannan a ƙorafinka.

Kuma ga irin wannan, ƙofar da ta fi sauri sau da yawa ita ce ofishin yuniyan na tashar da motar ta yi lodi. Shugaban tasha ya san direban, ya san mai motar, ya san gidansu, yana iya hana shi layi na kwanaki, wannan kuwa ya fi tara zafi a wajen wanda yake kai balas kullum. Ka same shi da girmamawa, Alhaji ga abin da yaronku ya yi da mu a hanya, ka nuna masa a wayarka. In motar kamfani ce ko ta gwamnatin jiha irin Gombe Line ko Yankari Express, akwai lambar da aka rubuta a jikinta, da ita za ka je ofishinsu. Na cikin gari kuma, masu wan-we da masu wasan mota ranar kai amarya, ban da 'yan sanda akwai jami'an kula da hanya na jiha, 'yan GOSTEC a Gombe da BAROTA a Bauchi.

Facebook fa? Ni ban ce haramun ba ne, wani lokaci sai an yi surutu ake motsawa, amma ka fara kai wa inda ya dace, in ka ɗora kuma ka faɗi abin da ya faru kawai, kada ka kira sunan mutum ka ce ɗan ƙwaya ne ko ɓarawo alhali ba ka da tabbas, mota tana canja hannu sau uku takardunta na sunan mutumin farko, kana iya jawo wa bawan Allah da ya sayar da ita tun shekara biyar zagi, kai kuma ka jawo wa kanka ƙarar ɓata suna. Hoton gawa da na wanda ke cikin jini kuwa don girman Allah a daina, akwai iyayen da a waya suka fara ganin ɗansu kwance a gefen titi kafin kowa ya zo ya yi musu magana. Ka tuna kuma kyamararka tana ɗaukar hirar cikin mota, in ka ɗauko mutane ka faɗa musu, ko ka kashe muryar ka kunna lokacin da kake buƙata.

Ka sa a ranka cewa ba kowane ƙorafi ne zai kai ga kama wani ba, musamman in ba a yi karo ba kuma lambar ba ta fito ba. Inda bidiyon ya fi yin aiki nan take shi ne in an taɓa motarka, don gardamar wa ya shiga hannun wa tana mutuwa da an kunna shi, kuma inshorar nan ta dole da ake biyan naira 15,000 tun Janairun 2023 tana ɗaukar ɓarnar da aka yi wa wani har ta naira miliyan 3, in mai laifin tasa ta gaske ce ba ta bakin titi ba, ka nemi lambar takardar inshorarsa tun a wajen 'yan MTD.

Daga nan kuma sai ka ga baƙi, mai motar da wani dattijo daga tasha, wataƙila har da limamin unguwarku, a yi haƙuri a sasanta yaro ne yana da iyali. Wannan kai za ka yanke, in ɓarnar ƙarfe ce kawai babu laifi a yi sulhu, amma a rubuta abin da aka amince a kai, nawa za a biya, wane gareji, zuwa yaushe, shaidu su sa hannu a gaban jami'in da ke riƙe da maganar. In sun ce to ka goge bidiyon tunda an daidaita, ka ce sai an gama gyara an biya, kwafi ɗaya kuma ka tura shi imel ɗinka ko Google Drive tun kafin su iso.